Takobi Mai Kwari Uku

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe ya ba shi nauyi, ya halicci ruwa ya ba shi haɗiya. Bayan haka, ya kai mai karatu, ka yi haƙuri da rubutuna. Izu goma sha biyu na yi na ajiye allo, hannuna ya fi sabawa da filafilin jirgi fiye da alƙalami. Abin da na gani shi zan faɗa, inda harshe ya gaza ka cike da hankalinka.

Sunana Anaruwa, daga garin Gaɓar Shuni, inda kogi yake baƙi wuluk kamar ruwan marina. Ana ruwa aka haife ni, ruwa kuma ya mai da ni maraya. Wata ranar Talata muna dawowa daga suna a tsallake, Baba ya cire takobin gidanmu daga kafaɗa ya ce in riƙe masa zai yi tuƙi. Iska ta taso daga gabas, jirgi ya kife. Ni na fito. Baba sai bayan kwana biyu aka same shi cikin ciyawar bakin gaɓa. Takobin kuwa yana can inda kogi ya ajiye shi.

Kakata Tabawa, mahaifiyar Baba, shekara tara ke nan ba ta gani. Kowace Juma'a da hantsi takan sa a ɗora mata takobin nan a cinya, ta shafe shi da man kaɗanya, tun daga ƙota har tsini. Na mijinta ne, ya koma na ɗanta. Duk abin da ya rage mata na mutanen nan biyu wanda hannu ke iya taɓawa, shi ke nan. Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ta miƙo hannu.

"Kai, mijin banza, ina takobin?"

"Na kai gyara, Kaka. Ruwa ya taɓa shi."

"Gyara," ta ce, tana tauna kalmar kamar goro mai ɗaci. "Wurin wa? Maƙeran garin nan ko fartanya ba su iya miƙewa ba."

"Na nesa ne."

"To, tashi ka karɓo. Ina so in riƙe shi kafin ruwan farko ya sauka. Ƙashina ya gaya mini bana kaka ba za ta ga kaka ba."

Ta yi dariyar maganarta, ni na kasa. Na tabbata in ta san ni na yar da shi, baƙin cikin zai kai ta kabari, ta tafi ba ta yafe mini ba. Saboda haka na ɗaura niyyar samo wani takobin da yatsunta ba za su bambanta shi da wancan ba. Kowa ya san yatsun makaho sun fi idon alƙali.

Na yi tafiyar kwana goma sha biyu yamma, na isa Kasuwar Rantsuwa. A tsakiyarta akwai wani durumi wanda inuwarsa ta rufe rumfuna dubu. Duk wanda ya rantse bisa ƙarya a ƙarƙashinsa, ganye ɗaya ke faɗowa. Na tarar ana kwashe ganye da kwanduna.

Wani dillali mai suna Jatau ya ga farin zanen makoki a wuyana, ya tare ni.

"Samari, Allah ya ji ƙan wanda ya tafi. Takobin gado kake nema, ko? Duk abin da ya ɓace a duniya nan yake ƙarewa. Yaya kamanninsa?"

Ban yarda da idonsa ba, ya cika rawa. Takobinmu kwari uku gare shi, wato hanyoyi uku da aka fafe a tsakiyar ruwan ƙarfen. Sai na ce masa huɗu ne, kuma ƙotarsa da kan tsuntsu.

Ya shige rumfa, na ji ƙarar magagari, ya fito da takobi mai kwari huɗu, na huɗun ko sanyi bai yi ba.

"Ga shi! Masunta suka kawo mini. Na rantse da kabarin uwata shi ne."

Ganye ya sauka a kan hularsa. Na juya zan tafi, ya damƙe hannun rigata, ya ce wanda ya sa aka zare takobi ba ya tafiya hannu sake, dokar kasuwa ce. 'Yan rumfarsa suka fara matsowa. Na ce, "Malam Jatau, zan ɗauka. Amma mu takwas ne 'ya'yan gidan, ga baffanni goma sha ɗaya, ga gwaggwanni. Kowa sai ya tambaye ni ko ka rantse masa. Ka rantse wa kowa da sunansa." Na shiga jero sunaye, na gaskiya da na ƙage, yana rantsuwa ganye na zuba. Kafin mu kai kan gwaggo ta shida ganye ya kai masa ƙirji, ya saki rigata don ya share fuska. Na bar shi yana tofar da durumi.

A bakin kasuwa wata tsohuwa mai sharar ganye ta ce mini, "In kwafi kake so na gaskiya, wuce Dutsen Maye ka je Birnin Zuga, ka nemi Sarkin Maƙera Ƙosau. Wallahi babu kamarsa." Na ɗaga kai na duba. Ko ganye ɗaya bai motsa ba.

Dutsen Maye dutse ne da ke jan ƙarfe. Tun da sauran tafiyar rabin yini askata ta tsinke jaka ta tashi sama kamar tsuntsu. Jikin dutsen kaf a lulluɓe yake da fartanyu da allurai da linzamai da tukwanen ƙarfe na mutanen da suka shuɗe. Hanya ɗaya ce ta ratsa gindinsa. Wani mai yatsa shida, Cindo, shi ne shugaban masu ƙetarar da kaya a wurin.

"In ka dawo da takobi ka neme ni," ya ce. "Muna da kogo ta ƙarƙashi inda dutsen ba ya ja. Ka ba mu a nan, ka karɓa a can. Baƙo ba ya shiga kogon."

Na leƙa bukkarsa na ga takubba masu kyau an ɗaure su da igiya a jikin turame. Ina hutawa daga nesa, rana ta take tsaka, inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, sai na ji wata ƙara kamar an zubar da kwanukan duniya. Dutsen ya saki duk abin da ya riƙe, ƙarfe na zubowa kamar ƙanƙara. Gwargwadon a karanta Tabaraka sau ɗaya, ya sake zuƙe su. Su Cindo duk sun shige bukka sun rufe ƙofa. Na adana wannan a zuciya.

Birnin Zuga ana jinsa kafin a gan shi. Guduma dubu ke bugawa tare, har mutanen garin ba sa magana sai a tsakanin bugu da bugu. Ba a ƙera sabon abu a can. Aikinsu kwafin takubban mutanen da, na sarakunan da birninsu ya zama kufai, da na mayaƙan da waƙarsu kaɗai ta rage.

Sarkin Maƙera Ƙosau tsoho ne gajere, wuta ta cinye masa gira. Ya zaunar da ni a kan kututture, ya jawo faifai cike da guntayen ƙarfe da fata.

"Zaɓi ne aikinmu, ɗana. Ni hannu ne kawai, kai ne baki. Mu fara da ƙarfe. Tama ta tudu ko ta fadama? Ta tudu tana kuka in an buga, ta fadama tana gunaguni."

"Namu kuka yake, Sarki."

"Ta tudu. Tsawo?"

"Daga ƙasa zuwa cibiyar Baba."

"Ƙululun kan ƙota: tagulla, azurfa, ko gaci? Kube: jar fata ko baƙa? Hamila da tuntu ko babu? Sannan tsufa. Muna da tsufan shekara goma, da na hamsin, da na ɗari. Muna binne shi cikin laka da toka da tsamiya. Giɓi kuma sai yadda kake so. Akwai mai zuwa ya ce a yi masa giɓi tara, a ce kakansa ya ci yaƙi tara, alhali kakan nan ko akuya bai taɓa kora ba."

Na ce, "Namu giɓi ɗaya ne, kusa da..."

"Kusa da tsini, kamar wushirya," ya ƙarasa, bai ko ɗago kai ba.

Ban faɗa wa kowa wannan ba a duk tafiyata.

"Sarki, wa ya gaya maka?"

"Takubba da yawa suna da giɓi a nan. Ci gaba."

Sai na ɗana masa tarkon da ya kama Jatau. Na ce kwari huɗu ne. Na ƙara da cewa fatar ƙotar ta lotsa ta inda babban yatsan dama ke zama, alhali Baba bahago ne, ta hagu ta lotsa. Tsohon ya dube ni, ya sosa inda gira ya kamata ta kasance.

"To," ya ce. "Ladan aikina zuga. Kai za ka hura wutar da hannunka har a gama."

Kwana arba'in ina zuga. Ban bar ƙarfen nan ya fita daga idona ba, ko salla zan yi sai na sa shi a gabana. Abin da nake zargi shi ne masunta sun tsamo namu, ya biyo hannun dillalai ya iso nan, tsohon yana ɓoye da shi yana kwafa. Wani lokaci in ce zai musanya mini. Wani lokaci, Allah ya sani, in yi fatan ya musanya ɗin. Na leƙa rumbunsa, na leƙa ƙarƙashin uwar maƙera, na ɗaga buzun da yake zama. Ban ga komai ba sai gawayi.

Ranar fafe kwari ya fafe uku ya ajiye kurfin da yake fafewa da shi.

"Sarki, huɗu na ce."

"Na ji ka."

Ranar da baduku ya naɗe ƙotar da jar fata, tsohon ya karɓa ya riƙa murza ta da hannunsa yini guda, yana jiƙa ta da gumi da mai. Da ya miƙo mini, ta hagu ta lotsa. Na sa hannuna na hagu a wurin, sai na ji kamar na sa hannu cikin tafin Baba. Na tashi tsaye.

"Ka taɓa ganin takobin nan. Yana ina? Wa ya kawo maka?"

"Zauna, ɗana, kada ka take mini zugazugi."

"Ba zan zauna ba sai ka faɗa mini!"

"Maƙeri ba ya ba wa baƙon yau labarin baƙon jiya. Da ina yi, da kai ma ba ka tsira ba. In ɓarawo ne ni, ka daɗe kana gadina, me ka kama?"

Ban kama komai ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Da aka tono takobin daga lakar tsufa, aka wanke, aka fitar da giɓin, na dube shi hawaye ya zubo mini. Shi ne sak. Na miƙa hannu, tsohon ya janye.

"Saura ɗaya. A birnin nan ba ma ƙera tagwaye. Kowane kwafi sai an sa masa bambanci ɗaya wanda mai shi ya zaɓa, don kada ƙarfe ya yi ƙarya a madadin mutum. Zaɓi naka."

"Sarki, makauniya zan kai wa! Ƙwayar gero in ta ƙaru a jikinsa sai ta ji."

"Ban ce a ina ba. Na ce ɗaya."

Na roƙe shi, na yi masa magiya da iyayensa, ya ci gaba da sakace. Na kwana uku ina tunani. Sannan na kwance bakin zanena na fito da wata 'yar tsakuwa baƙa. Ranar da aka jawo ni daga kogi, hannuna na dama a dunƙule yake, sai da mutum biyu suka buɗe shi. Hannun da na miƙa in kama Baba, tsakuwar ƙasan kogi ya damƙo. Tun ranar ban rabu da ita ba.

"Ƙululun nan ai cikinsa rami ne," na ce. "Sa ta ciki, ka cike da kakin zuma, ka rufe. Yatsa ba ya shiga cikin tagulla."

Ya juya tsakuwar a tafinsa ya daɗe. Bai tambaye ni ta mece ce ba. Ya sa, ya cike, ya rufe, ya rataya mini hamilar a kafaɗa da kansa.

"Ka gai da tsohuwa," ya ce.

Na tafi ina waiwaye har hayaƙin birnin ya ɓace, ina jiran in ga wanda ya turo a bayana.

A gindin Dutsen Maye na ɗaure takobin da igiya a bayana, duk da haka yana fizga kamar ɗan maraƙi. Cindo ya fito yana murza yatsunsa shida.

"Barka da dawowa, ɗan'uwa. Kai, wannan aikin Ƙosau ne! Kawo in ratsa maka da shi."

"Bari in ci abinci tukuna, yunwa nake ji. Ara mini akushi."

Ya ba ni wani babban akushi na itace. Na zauna ina jiƙa gari a hankali, ina cin loma ɗaya ina ba shi labari uku, idona na kan inuwata. Ya gaji ya ce, "Wai kai cin naka na masu jego ne?" Inuwa ta matso, ta matso, ta shige ƙarƙashina. Suka ruga bukka suna kirana in shigo. Ni kuwa na kife akushin a ka na zura da gudu cikin hanyar.

Ƙarfen duniya ya zubo mini. Allurai suka cake akushin har ya koma bushiya, wata fartanya ta tsage mini kafaɗa, linzami ya kusa harɗe ni. Ina gudu ina karanta Tabaraka, inda na manta in koma farko. Duwatsun ƙasa sun yi zafi kamar tanda, takobin na ƙona mini baya. Na faɗa bayan wani tudu a can ƙetare daidai lokacin da dutsen ya sake zuƙa, na rungume wata aduwa, ƙayarta na cina, har takobin ya bar fizga. Akushin Cindo yana gidanmu har yau, kaji ke shan ruwa a ciki.

Na iso Gaɓar Shuni ranar Juma'a da hantsi, hadari ya haɗu a gabas amma bai zubo ba. Kaka na kwance a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame har ta koma kamar kara.

"Wa nake ji? Mijina mai yawon duniya? Na ce ko ka yi wata amaryar ne a can."

"Wa zai aure ni, Kaka, kin riga kin tsufar da ni."

"Kawo."

Na durƙusa na ɗora mata a cinya. Ta zare. Yatsunta suka bi kwarin nan ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a giɓin, suka dawo ƙota, babban yatsanta ya kwanta a lotsawar hagu. Ta shinshina kuben. Ta lasa ƙarfen. Ta sake bi tun daga farko, sau uku, kamar mai neman ƙwarƙwata. Na ga fuskarta ta ɓaci, ban san dalili ba.

Sai ta ɗaga shi zuwa kunnenta ta girgiza.

Ƙas. Ƙas.

Zafin dutsen ya narkar da kakin. Na ɓoye wa yatsu, na manta da kunne.

"Yauwa," ta ce. "Ga shi nan. Har na fara cewa tsohon nan ya bar al'adarsa."

"Wane tsoho, Kaka?"

"Mara girar mana. Yana nan da ransa?"

Ta gyara zama, ta jingina da bango.

"Na kakanka kwari biyu gare shi. Ubanka yana saurayi ya tafi farauta da shi ba a aike shi ba, ya sake shi cikin wata tsohuwar rijiya. Ya ce mini ya kai gyara. Wata huɗu ya dawo da mai uku, yana ta mini surutun wani maƙeri mara gira da ya wasa masa shi. Lokacin kuwa idona garau, yana tsammani ban iya ƙirga uku ba. Shekara talatin da ɗaya ina shafa masa mai ban ce uffan ba." Ta sake girgizawa. "Shi kwari ya ƙara. Kai mene ne naka?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata jirgin, da iskar, da yadda ruwa ya rufe mu, da abin da aka samu a hannuna.

"Takobin a wane hannu yake?"

"A dama."

"Tsakuwar fa?"

"A dama."

"Ashe sakinsa ka yi. Ba ƙwace maka ruwa ya yi ba."

"Saki na yi, Kaka. Na ga hannunsa a ƙasa da ni, na saki na miƙa. Ban kai ba." Na kifa goshina a tabarma. "Ki yafe mini."

Ta lalubo kaina, ta kama kunnena ta murɗa kamar yadda take yi ina ƙarami.

"Da ka fito mini da ƙarfe a hannu ka bar shi ba ka miƙa ba, shi ne da ban yafe ba. Tashi, sakarai. Miƙo mini man."

Na ɗauko kwalbar man kaɗanya. Ta shafe takobin tun daga ƙota har tsini, ba ta tsallake ko'ina ba. Da ta gama sai ta kai ƙululun kunnenta, ta girgiza a hankali, ta saurara. Baba ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko ranar da aka kawo shi daga kogi "wancan" ta ce, ta shige ɗaki. Ta sake girgizawa, ta sa bakinta dab da tagullar, kamar mai kiran yaro ya shigo ruwa zai sauko.

"Hambali," ta ce. "Hambali."